Hamra Ta San Ƙofofinta

A shekarar 1942 aka kwashe awakin garinmu. Jiragen ruwa sun daina isowa Malta, jiragen sama kuma kullum sai sun zo sun zuba mana bam. Burodi ya koma ɗan gutsure, abincin dabbobi ya ƙare. Sai aka ce a kawo awaki a yanka a wurin girkin gwamnati, inda muke bin layi da gwangwani ana zuba mana miya.

Mu kuwa awaki ne sana'armu. A wajenmu ba a sayen madara a kwalba. Akuya ce za ta tsaya a ƙofarki, ki fito da kofinki, a tatsa miki kina kallo, da ɗuminta. Kowace akuya ta san ƙofofinta. Ba a kora ta, ba a kiran ta. Tana isa za ta tsaya, ta juya wa ƙofar baya, ta jira. Da aka ɗauki Baba aikin cike ramuka a filin jirgi, ni na ci gaba da zagayen. Aikin ya dace da ni don ba ya son magana. Ni ko gaisuwa ce sai na sunkuyar da kai take fitowa.

Yayata Pawla ta haihu a cikin sanyin shekarar, aka sa wa yaron Nardu. Da zafi ya shigo sai nononta ya ɗauke, don ita ma ba ta ƙoshi. Yaron ya kwana biyu yana kuka har muryarsa ta dushe. Kakarmu, Nanna Vitor, ta tsoma tsumma a madarar Hamra, jar akuyarmu mai yagaggen kunne, ta sa masa a baki. Ya tsotsa, ya yi barci. Nanna ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ce, "Su ɗauki sauran. Wannan ba za ta hau motar kowa ba."

Muka saukar da Hamra ɗakin ƙasa, inda muke ajiye albasa a da. Na cire mata ƙararrawa.

Sur Kelinu, wato Malam Kelinu, shi ne ya zo da motar kwasar awaki. Tela ne a titinmu, yaƙi ya ba shi hula da ƙyalle a damtse, aka sa shi tara awakin unguwa. Ya tsaya a tsakar gida ana loda namu, yana bin su da ido. Sai ya juya ga Nanna, ya kira ta Zija, wato Inna, yadda ake kiran manyan mata a titinmu.

"Zija Vitor, ina jar nan? Ita ce mai tsayawa a ƙofata."

"Ta mutu," in ji Nanna. "Dutse ya faɗo mata ranar da gidan su Wenzu ya rushe."

"Allah sarki. Naman fa?"

"Mun cinye."

"Haba, ko ƙafa ba ku aiko min ba?"

"Biyun da kake yawo da su gidajen mutane ba su ishe ka ba, Kelinu?"

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya juyo wajena.

"Salvina, ke ba kya ƙarya. Haka aka yi?"

Na kalli takalmansa, na gyaɗa kai.

"Kunnuwanki sun yi ja," ya ce, ya fita.

Daga ranar nan ciyawa ta zama abin sata. Nakan yago ta a gindin katangun gonaki, in cusa a rigata in shigo da ita. Hamra ta saba da duhu, ba ta kuka sosai. Abu ɗaya ne ta ƙi sabawa da shi. Kullum da hantsi, lokacin zagaye, sai ta fara tunkuyin ƙofar ɗakin ƙasa. Ba ta ganin rana a can, amma ta san lokacin. Nanna takan ɗauki turmin tagulla ta yi ta daka babu komai a ciki, don ƙarar ta rufe.

Bango ɗaya ne tsakaninmu da Zija Grezz. An kwashe mata awaki biyu, kuma tana riƙe da jikarta marar lafiya. Wata rana a layin miya ta matso bayana har ina jin numfashinta a wuyana.

"Me kakarki take dakawa kullum, 'yar nan? Ni na san babu ko barkono a gidanku."

Na matsa gaba da gwangwanina.

"Kuma an ce awakinku sun tafi, amma warinsu ya ƙi barin ki."

Ba ta ƙara ba. A wannan watan kyanwoyi suka ɓace daga titinmu, babu wanda ya tambayi inda suka je. Mutane suka daina kallon fuskar juna, kowa hannun ɗan'uwansa yake kallo, ya ga abin da ya riƙo.

Ranar da abin ya faru, jiniya ta yi kuka da sassafe. Duk titi muka sauka ramin da aka sassaƙa a cikin dutse bayan coci. Pawla ta rungume Nardu, Nanna tana jan carbi, mata suna amsa mata. Bam ya faɗi nesa, ya faɗi kusa, sannan wani ya faɗi wanda ya kashe kyandir ya cika mana baki da ƙasa. Muka daɗe a duhu kafin a ce mu fito.

Da muka hau sama, titi ya yi fari fat da garin dutse. Gidajen suna nan tsaye, amma iskar bam ta ɓalle ƙofofi da tagogi. Na hango tamu a kwance a tsakiyar hanya. Zan ruga sai na ga kowa ya tsaya cak, kowa yana kallon waje ɗaya.

Hamra ce. Tana tsaye a ƙofar gidan su Wenzu, wanda ya rushe tun watan jiya da mutanensa a ciki. Ginshiƙan ƙofar kawai suka rage. Nan ne farkon zagayenta. Ta juya wa kangon baya, hantsarta cike, tana jiran a fito da kofi.

Da ta gaji da jira, sai ta taka a hankali, babu ƙararrawa, babu ƙara, ta zo ta tsaya a ƙofar Zija Grezz.

Wani namiji daga baya ya ce, "Nama." A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji. Na ga maza biyu sun fara matsowa.

Zija Grezz ta ratsa tsakaninsu, ta shige gidanta. Ta fito da kofinta mai shuɗin baki, wanda na sani tun ina yarinya, ta busa ƙurar da ke ciki, ta miƙo min.

"Me kike jira? Akuya ta tsaya a ƙofata."

"Zija, na Nardu ne." Ban san muryata za ta fito ba.

"Na sani. Ta bango nake jin kukansa, na kuma ji ranar da ya daina. Tawa ba ta daina ba. Tatsa."

Na dubi Nanna. Ta kalli mazan nan biyu, ta kalli Hamra, ta runtse ido. Na durƙusa na tatsa. Ƙarar madara a gindin kofi ta cika titin. Mazan suka tsaya inda suke, don matan gidajensu sun riga sun juya sun nufi ɗaki neman kofi.

Hamra ta ci gaba, ni ina bin ta. Duk inda ta tsaya sai a fito. Babu wadda ta ce na gode, babu wadda ta kalli idona. Ina jin hantsar tana yin laushi a hannuna, ƙofa bayan ƙofa, ina kuma jin Nardu ya farka a kafaɗar Pawla ya fara neman abinci.

Ƙofar ƙarshe ta Sur Kelinu ce. Tare muka fito daga rami, ya ga komai. Ya shiga ya ɗauko kofi kamar kowa, ya tsaya da hularsa da ƙyallensa. Na matsa, na sake matsawa. Ɗigo kaɗan suka faɗa, ko gindin kofin ba su rufe ba.

Ya leƙa ciki ya ce, "Ba laifinta ba ne. Matacciya ce."

Zija Grezz ta ɗaga murya daga ƙofarta. "Kelinu, mu dai ba mu ga akuya ba. Ka sha ka yi shiru kamar kowa."

"Ban sha ba tukuna, Grezz." Ya dawo da idonsa kaina. "Ranar Alhamis motar za ta dawo. Gobe ki fara daga nan."

Na ce, "Ba ta iya ba, Sur Kelinu. Daga gidan su Wenzu take farawa. Ko an ja ta, ba za ta saki madara ba sai ta bi ƙofofinta."

"To, ki san yadda za ki yi ta iso nan da saura."

Ranar nan Nardu ya yini da ruwan ɗumi. Da yamma Hamra ta kawo ɗan abin da bai kai rabin kofi ba, ya shanye yana ci gaba da tsotsar tsumman. Pawla ta juya fuska bango. Nanna ta ce da ni, "Kafin gari ya waye ki tatsar masa nasa. Abin da ya rage ki raba. Kada ki yarda ki isa ƙofar telan nan hannu wofi."

Haka na yi. Na koyi sassauta yatsuna, in tatsa daga nesa don kumfa ta tashi kofi ya yi kamar ya cika. Matan sun gane. Zija Grezz takan hura kumfar gefe ta duba, ta dube ni, ta shige. Wasu suka fara ajiye ɓawon dankali da ganyen ɓaure a bakin ƙofa, Hamra ta ci tana tsaye. Wasu ba su taɓa ajiye komai ba, kuma su ne suka fi leƙa kofin.

Ranar Alhamis motar ta shigo titinmu. Muna ɗakin ƙasa ni da Hamra, na rungume bakinta da hannu biyu. Ta wata 'yar ɓula da ke daidai da hanya ina ganin tayoyi da takalman Sur Kelinu. Na ji direban yana tambaya ko akwai saura. Takalman suka juyo wajen gidanmu, suka tsaya. Hamra tana numfashi a tafin hannuna.

"Babu," in ji Sur Kelinu. "Titin nan na share shi."

Washegari ya fito da kofi wanda ya fi na jiya girma.

Haka muka ƙare zafin nan. Duk safiya ina tsoron hantsar, duk Alhamis ina tsoron motar. Hamra ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, madarar tana raguwa, kofuna ba sa raguwa. Nardu bai yi ƙiba ba, amma ya zauna, ya fitar da haƙora, ya fara karɓar burodi jiƙaƙƙe a ruwan miya.

Da iskar kaka ta fara, wata safiya na durƙusa a ƙofar Zija Grezz na matsa, babu ko ɗigo. Ta tsaya da kofinta. Sauran matan ma suna tsaye a ƙofofinsu, kowacce da nata. Hamra ta wuce gaba ta tsaya a ƙofa ta gaba, ta juya baya, tana jira.

Nanna ba ta bari an zo an tambaye ta ba. Ta je ta duba Nardu yana cin burodinsa, sannan ta aika aka kira ɗaya daga cikin mazan nan biyu da wuƙarsa. Ni na fita bayan coci har aka gama. Aka raba wa duk gidan da take tsayawa. Nanna ta naɗe ƙafa ɗaya a tsumma ta ɗora min a hannu.

"Kai wa Kelinu. Ki ce masa ga ƙafar da ya tambaya."

Na fita da ita, tana da ɗumi ta cikin tsumman. Titin babu kowa, kowane gida an rufe ƙofa an hura wuta. Sai da na zo kangon gidan su Wenzu na ga ashe na tsaya, na juya masa baya.