Kwandon Sharar Doña Hermelinda

Ni na goge muryar ɗan Doña Hermelinda, da hannuna, wata Litinin da hantsi, ina kurɓar shayin ganyen koka.

Shekara goma sha ɗaya ina kula da kwamfutocin wata jami'a a birnin Puno, kuma babu matsalar da na raina kamar wannan. Mutum ya buga lambar sirrinsa daidai, allo ya yi baƙi, ya maido shi bakin ƙofa. Kowa an yanka masa rabonsa na ma'ajiya. Idan ya cika maƙil, na'ura ba ta da wurin rubuta ko shaidar shigarsa, sai ta ƙi buɗewa. Maganin kuwa ko ido rufe zan yi shi: in shiga ta baya, in zubar da kwandon shara, wato inda kwamfuta ke tara abin da mutum ya goge.

Doña Hermelinda sakatariyar sashen noma ce. Ta hawo benenmu tana haki.

"Wilber, ɗana, abin nan naku ya manta ni. Sau bakwai ina bugawa."

"Ba mantuwa ba ce, Doña, ƙoshi ne. Kin ɗura masa hotunan biki har ya kasa numfashi."

"Ji ja'iri! Ni da ko bikin Candelaria na daina zuwa?"

Kunya ta kama ni, don kowa ya san dalili. Bara rami ya rufta da ɗanta Eleuterio a mahaƙar zinariya. Don in rufe bakina sai na hau aiki da sauri. Kwandonta ya fi komai nauyi. Na buga layin umarni ɗaya, na danna, na zubar da shi.

"Gwada yanzu."

Ta zauna a kujerata ta gwada, ya buɗe. Ta sa mini albarka. Sai na ga ta nufi kwandon kai tsaye, ta buɗe shi. Wayam.

"Ina saƙonninsa?"

"Na wa, Doña?"

"Na Eleuterio mana. Duk Lahadi yakan turo mini murya daga can. Kafin a sace wayata a kasuwa na kwashe su nan. Ai duk 'yan ofishinmu a kwando muke ɓoye kayanmu. An ce abin da ke ciki ba ya cin rabo."

Yana ci. Kuma abin da ke kwando ba ya shiga kwafin da muke adanawa duk mako. Ni na tsara haka, har ina taƙama da dabarar.

Kwana uku na yi ina tonon faifan ma'ajiyar. Abin da na tsira da shi daƙiƙa huɗu ne: iska na kaɗawa, sai tari, sai "Mama, yau sanyi..." Shi ke nan.

Na kai mata ofis, na kasa ɗaga kai. Ta saurara, ta sake saurara.

"Tarinsa ne," ta ce. "Na gode, ɗana."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe ta ƙofarta nake wucewa, babu wata hanya, kuma kullum sai na ji tarin nan.