Tungan Ɗanmalam ta Sama

Philip bai ƙarasa sauke buhun masarar daga bayan mota ba wayar ta fara ɓari a aljihunsa. Ya saki buhun ya faɗi tim a ƙasa. Mai kaya ya bi shi da zagi, ko waiwaye bai yi ba. Ya zaro wayar. Ba kira ba ne. Wasan nan na cikin wayar ne kuma, jan rubutu na ta walƙiya a saman gilashin.

Wayar ta ƙanensa ce, Benjamin. Tun farkon kaka mutanen daji suka ɗauke Benjamin a gona, a ƙauyensu Tungan Ɗanmalam, can gaba da Sahon Rami. Ran nan ya bar wayar a ɗaki tana caji a jikin sola. Washegari ƙauyen ya watse. Philip ya kwaso mahaifiyarsu Fure da matarsa Rachel suka shigo Kontagora, suka cusa kansu a ɗaki ɗaya, shi kuma ya koma dako a kasuwar hatsi. Duk waɗanda aka ɗauke tare da Benjamin an kira danginsu kan kuɗin fansa, su kuwa shiru. Kuma a duniyar nan lamba ɗaya Benjamin ya haddace, tasa ta kansa. Shi ya sa wayar ba ta mutuwa. Gara Philip ya wuni da yunwa da a ce cajinta ya ƙare.

Wasan kuwa shi ya kawo kansa. Ya yi ta kuka a aljihu har Philip ya gaji ya buɗe don ya kashe shi. Sai ya ga wata 'yar duniya koriya tana lilo a tsakiyar taurari, da ma'ajiyai, da ramukan haƙar ƙarfe, da jirage a jere. A ƙarƙashinta Benjamin ya rubuta suna: Tungan Ɗanmalam. Philip ya daɗe yana kallon sunan. Daga ranar ya ɗauki abin kamar akuyar da ɗan'uwa ya bar maka ajiya.

Kai, wanda ya ƙirƙiro wasan nan ba shi da imani. Turancinsa ya fi ƙarfin ɗan firamaren da Philip ya yi, ga yatsun manomi da ke danna wuri biyu a lokaci guda. Ya so gina ma'ajiya, ya sayar da jirgi. Ya so tura 'yan leƙen asiri, ya aika wa maƙwabci takardar yaƙi. Da ya ɗan gane kan abin, sai ya yi abin da ya iya tun yana yaro: ya tara, ya cika rumbu, ya kewaye da katanga. Su kuma 'yan wasan, waɗanda bai san ko a wace ƙasa suke ba, sai su jira rumbun ya cika maƙil, su zo su kwashe yana can ƙarƙashin buhu. Ya sake tarawa, su sake zuwa. Abin yana ci masa rai fiye da yadda zai iya gaya wa kowa, don ko a wasa ma ya kasa tsare wa yaron nan gida.

Ga kuma abin da ya baro a ɗaki da safe. Ya tashi ya tarar Mama ta ƙulle kayanta a zane, ta ɗora Littafi Mai Tsarki a kai.

"Yau akwai motar Sahon Rami," in ji ta. "Gida zan koma."

"Mama, wane gida? Ko kaza babu a garin nan."

"To shi ya sa. In suka sake shi, ina zai nufa? Ya san wannan ɗakin? Zai zo ya tarar da ƙofa a buɗe, murhu da sanyi, ya ce mun binne shi."

"Ki bari in dawo da rana mu yi magana. Kafin azahar ina nan."

 A bakin ƙofa ya raɗa wa Rachel kada ta ɗauke ido daga kan Mama.

Yanzu ga jan rubutu, kuma bai yi kama da na kullum ba. Philip ya ratsa layin masu wake ya nufi rumfar Khalilu mai cajin waya, abokin Benjamin, wanda da ma shi ya jefa Benjamin cikin wasan. Ƙaramin janareto na ta tari a bayan rumfar. Khalilu ya karɓi wayar, ya duba, ya ja tsaki.

"Yaya Philip, wannan ba sata suka zo yi ba. Ka ga yawan jiragen? Duniyar za su ƙwace gaba ɗaya."

"In ƙara katanga."

"Katanga kuma? Sau nawa zan gaya maka, wasan nan ba a cin sa da katanga. Ka loda mutanenka da abin da za ka iya a manyan jiragen can, ka tashi. Ka ga wannan layin da ke raguwa? In ya ƙare sun iso."

"In tashi in je ina?"

"Sama da faɗi. Ka yi ta yawo har ka sami wurin da babu kowa."

Philip ya karɓe wayarsa. Ya zauna a kan benci ya shiga jera bindigogi a bakin katanga, yana danna gilashin kamar zai fasa shi. Mahaifinsu har ya mutu bai taɓa kwana nesa da rumbunsa ba, ko shekarar da kogi ya shigo gari. Haka aka raine su. Mutum ba ya barin hatsi ya gudu, sai fa in ya yarda shi ba kowa ba ne. Sau ɗaya Philip ya yi hakan, da Mama a bayan babur, kuma har yau bai yafe wa kansa ba.

Mutane na zuwa suna karɓar wayoyinsu suna tafiya. Inuwar rumfar ta janye ta bar masa ƙafafu a rana. Layin ya ci rabi.

"Wallahi za ka rasa komai," Khalilu ya ce.

"Ba nawa ba ne da zan watsar. In ya dawo ya buɗe wayarsa ya tarar babu garin, babu kowa, me zan ce masa?"

Sai da maganar ta fita ya ji ta a kunnensa. Muryar Mama ce sak. 

Khalilu ya ajiye cajar da ke hannunsa, ya zo ya tsuguna a gabansa.

"Yaya, kana tsammanin wannan ce ta farko? A gabana aka kori Benja ya fi sau uku. A nan wurin da kake zaune. Ya yi ta zage-zage, sannan ya loda mutanensa ya gudu. Duk inda ya sauka sai ya sake rubuta Tungan Ɗanmalam. Na ce masa kai ba ka da wani suna? Ya ce ai mutanen ne garin."

 Philip ya sunkuyar da kai don kada yaron mutane ya ga idonsa.

"Nuna mini yadda ake yi."

Ba abu ne mai sauƙi ba. Jirgi ɗaya-ɗaya ake lodawa, kowanne sai an zaɓa masa abin da zai ɗauka, kuma in ka cika shi da ƙarfe ba wurin mutane. Philip ya fara cusa abinci, Khalilu ya buge masa hannu. Mutane tukuna, sai mai. Ya bar rumbunan da ya yi wata da watanni yana cikawa, yana ji yana gani. A masallacin kasuwa aka kira salla, Khalilu ya ce wa maƙwabcinsa ya je yana nan tafe, Philip kuwa ko jin kiran bai yi ba. Jirgi na farko ya tashi. Na biyu ya bi shi. Yana cikin loda na uku layin ya ƙare, gilashin ya yi ja gaba ɗaya, 'yar koriyar duniyar ta kama da wuta. Sunan da ke ƙarƙashinta ya goge, wani ya maye gurbinsa da harufan da bai taɓa gani ba.

Jirage biyu suka rage, ƙanana, a cikin baƙin sarari.

"Ka tsira da su," in ji Khalilu. "Yau ka buga wasan."

Nan take wayar ta yi ƙara. Ba ɓarin wasa ba, kira ne, da waƙar cocin da Benjamin ya sa mata. Philip ya miƙe zumbur har bencin ya kife. Ya kai kunne bai ko duba lambar ba.

"Benjamin?"

"Ni ce, Baban gida." Rachel ce, tana haki. "Mama ta tafi. Ta jira ka har aka kira azahar. Na je ɗibar ruwa, kafin in dawo babu ita babu kayanta. Ina tasha yanzu. Sun ce motar ta riga ta tashi, ita ce ta cike ta."

Bai yi mata faɗa ba. Da wane baki? Ya ce ta koma ɗaki ta kulle ƙofa.

Ya tsaya yana kallon wayar. Daga Sahon Rami zuwa ƙauyensu babu sabis, ko a kan bishiya. In ya tafi da ita, kiran da ya yi wata da watanni yana jira zai iya zuwa ya tarar da ita a kashe. Ya goge gilashin da bakin rigarsa, ya miƙa wa Khalilu.

"Kada ka bari ta mutu. In an kira, ka ɗauka. Ka ce yayansa na kusa."

"Yaya, hanyar nan da yamma..."

"Na sani."

Khalilu ya karɓa da hannu biyu. Ya dubi jiragen da ke tafiya a hankali cikin duhu.

"In na samar musu wuri, wane suna zan sa?"

"Ka san sunan," in ji Philip.

Ya fita bakin titi ya ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu. Na farko da ya ji inda za shi ya girgiza kai ya wuce. Na biyu ma haka. Philip ya gyara silifas ɗinsa ya fara takawa ta hanyar da motar ta bi, yana waiwayen na uku.