Sunan Ɗan Fari

…to amma wa ya riƙe mini baki? Wa? Babu wanda ya harare ni, babu wanda ya ce kul. Mata uku ne kawai suka zo barka daga Mai'adua, babbarsu ta leƙa fuskar jaririn da ke cinyata, ta ce yaya sunan baƙon namu. Shi ke nan fa. Na buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓe shi tun cikin yana wata biyar… sai kawai na ga na sunkuyar da kai ina gyara zanen goyo. Ni! Firdausi 'yar kwaleji, wadda bakinta ba ya mutuwa a aji.

Ni da na yi rantsuwa.

Ina shekara goma sha biyu na yi ta, a tsakar gidan nan namu na Sandamu. Na ciyo na ɗaya a aji, na shigo a guje da sakamako a hannu, Inna tana sheƙe gero. Ko kallo. Sai ta ce wa ƙanwata Zubaida ta gaya wa waccan abincinta na ɗaki. Waccan. Zubaida kuwa sau ashirin a wuni — Zubaida zo, Zubaida ci, Zubaida kin sha ruwa? Na san kunyar ɗan fari ce, wa bai sani ba? Amma a raina na ce ƙarya ne, uwar da ke son 'yarta da gaske ai sai ta karya. Na ce in Allah ya ba ni nawa, a tsakiyar kasuwa zan ƙwala masa kira.

Ga shi ya ba ni. Yau kwana goma sha tara.

Takardun darasi na nan gefen katifa, jarrabawa na jirana in na gama wankan jego na koma Daura. Ilimin zamantakewa. Da na ɗauke shi surutun Turawa kawai. Malam Amadu a gaban allo, alli har a hula, yana jero mana waɗanda suka kafa fannin — wani malamin Tunis da ya riga su duka, wanda ya tambayi me ke ɗaure mutane har su zama abu guda… sai wani Bafaranshe. Wai akwai abubuwan da ba kai ka ƙirƙira ba, ka tarar da su, za ka mutu ka bar su, ba su da gida ba su da fuska, amma su ke juya ka. Ba ka jin ƙarfinsu sai ranar da ka ce ba za ka bi ba. Na rubuta, na ja layi, na haddace don in ci maki. Maki!

Yau na ji ƙarfin abin. Ikon Allah… Mutumin da ya mutu shekara ɗari da wani abu, bai taɓa shan ruwan Kusugu ba, bai san kunun kanwa ba, ya zauna can ƙasarsu ya faɗi abin da ya faru a ɗakin nan ɗazu. Wallahi tsigar jikina tashi take. Mutum nawa ne a cikin bakina? Inna, uwar Inna, uwar uwarta — mata rututu, waɗanda ko kabarinsu ba a sani ba, duk sun sa hannu sun rufe. Babu alƙali, babu ɗan sanda, babu takarda. Amma abin ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso ni.

Inna ce ta amsa musu, daga bakin ƙofa, da kwanon kunu a hannu. "Suhaibu ne, angona. Sai ci da barci, ko cefane ba ya yi." Sau uku ta faɗi sunan, kamar mai lasar zuma. Abin da ya kulle ta a kaina, shi ya buɗe ta a kan jika.

Akwai wani kuma, Bajamushe… shi cewa ya yi kada ka tsaya a kan abin da mutum ya aikata, ka nemi abin da yake nufi. Me take nufi? Ban taɓa nema ba. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da abin da ba ta faɗa ba. Wa ke tafasa ruwan wanka kafin in farka? Wa ya tsaya a bayan danga ranar da aka kai ni Daura — Zubaida ta ce har mota ta ɓace ba ta motsa ba, na ce ƙarya take…

Baƙin sun tafi. Inna ta karɓi jaririn, ta juya mini baya kamar kullum, tana jijjiga shi. Ƙasa-ƙasa take magana, amma ɗakin ƙarami ne, kuma ta san ƙarami ne.

"Kai dai ka yi dacen uwa, Suhaibu. Tun tana kamar kai na sani."

Ba da ni take ba. Da ni take.

In ce Inna na ji? In na ce, anya za ta ƙara? Hawaye na ɗiga a kan takardun Malam Amadu. Ta miƙo mini shi ba ta dube ni ba. Yanzu mu uku ne kawai, sai in kira shi mana, rantsuwa ce fa. Su… Ashe haka yake da nauyi. Ashe haka ta ɗauki nawa, duk shekarun nan, a nan, a ƙarƙashin harshe…