Hoton da Ya Hau Tebur

Ƙungiyar tana taro ne a ɗakin bayan wani gidan abinci mai kallon tafki, safiyar Larabar farko ta kowane wata. Yawancinsu lauyoyi ne, sai masu lissafin dukiya da masu ba ma'aurata shawara, kuma sana'arsu ɗaya ce: raba aure ba tare da an taka kotu ba. Rabuwar arziki suke ce mata. Tun lokacin kaka da na gama horonsu, ina zuwa taron a matsayin baƙuwa, ina zama kusa da butar kofi inda ba mai tambayata komai sai sukari.

A takarda shiga ba ta da wuya. Wuyar tana ga al'adarsu: sai wani ɗan ƙungiya da ya taɓa zama da kai a kan wani aure, yana tsaya wa ɗaya ɓangaren, ya miƙe gaban kowa ya ce zai sake zama da kai. A garinmu Duluth kuwa junansu suke tura wa aiki. Ni na riga na gwada kotu. Duk ranar da na miƙe gaban alƙali sai muryata ta maƙale, har mai ofishinmu ya ba ni shawara cikin ladabi in nemi wani fannin. Idan wannan ƙofar ba ta buɗe ba, ban san wata ba.

Wadda rabo ya haɗa ni da ita Marlys Tikkanen ce, dattijuwa mai gajeriyar furfura, wadda ta ƙare ƙuruciyarta a kotu kafin ta tuba, kamar yadda take faɗa. An ce ba ta cika miƙewa don kowa ba. Ita ke tsaya wa matar, Corinne, ni kuma mijin, Lyle Brekke.

Lyle makanikin jiragen ruwa ne, dogo, mai manyan hannaye da bai san inda zai ajiye su ba idan babu sifana. Zamanmu na farko a ofis ya yi kama da zaman makoki, shi ba magana, ni ba magana. Gida ya ce Corinne ta ɗauka, sauran kaya a raba yadda ta so. Abu ɗaya ya kafe a kai: wata tsohuwar mota Buick mai ruwan ƙasa. Motar kuma ba tasa ba ce, ta Verna ce, mahaifiyar Corinne, wadda ke gidan kula da tsofaffi tun da ciwon mantuwa ya kama ta, kuma Corinne ce ke riƙe da al'amuranta a hukumance. Na tambaye shi dalili, ya ce injinta yana da kyau. Da zai tafi na leƙa ta taga, na ga a cikinta ya zo. A kujerar gaba an shimfiɗa bargo saƙar hannu, a baya kuma ga ɗan matakin roba irin wanda ake sa wa mai ciwon gwiwa. Na gani, ban iya tambaya ba.

Marlys ta faɗa mini a waya cewa Corinne ba ta ga komai a maganar motar ba sai neman ƙona mata rai. Tun da suka rabu ta koma birnin Minneapolis da aiki, Asabar take zuwa duba uwarta, kuma duk zuwan da za ta yi sai ta tuna motar tana hannunsa.

Ranar zamanmu mu huɗu an kwana ana zuba dusar ƙanƙara. Tebur ɗin Marlys zagayayye ne, don kada kowa ya zauna gaba da gaba da kowa, a tsakiya ga kofi ga kek da ta gasa da kanta. Muka fara da sa hannu a kan ƙa'idar da ke riƙe da sana'ar gaba ɗaya: duk wanda ya nufi kotu a cikin ma'auratan, lauyoyin biyu sun sauka, kowa ya nemi sabo. Sai Marlys ta dube ni ta saman tabarau.

"Linnea, ke za ki buɗe, yarinya. Na gaji da jin muryata."

Na san za ta yi haka, shi ya sa na haddace jawabin buɗewar da aka koya mana, ina maimaita shi a mota da wurin wanka. Ya fito tiryan-tiryan. Na yi maganar sauraro, na yi maganar faɗin gaskiya, na ji daɗin yadda muryata ba ta rawa. Bakina ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya iso wurin da muka fi alfahari da shi a sana'ar, na ce kafin mu taɓa maganar dukiya, mu fara ajiye hoton yara a tsakiyar tebur, don mu riƙa tuna saboda wa muka zauna.

Ba su da yara. Na san ba su da su. Lyle ma ya taɓa ce mini, cikin jimla guda, sun daɗe suna bin asibiti.

Corinne ta ajiye kofinta a hankali. Mace ce mai tsaf-tsaf, ko gashinta ɗaya bai kauce ba, amma na ga wuyanta ya yi ja. Ta tambayi Marlys ko rabuwar arzikin ke nan da aka yi mata alkawari. Na ba ta haƙuri, kalmomin suka fito a dunƙule. Ba ta kalle ni ba. Ta miƙe ta ɗauko rigar sanyinta, ta ce gara kotu, can aƙalla mutum ya san da wuƙa ake jiransa. Marlys ta tuna mata abin da muka sa wa hannu, cikin murya mai sanyi, ta ce ƙofa a buɗe take amma da ta sha kofinta tukuna. Corinne ta ci gaba da ɓalla maɓallai.

Ni a lokacin na gama sallama da ƙungiya a raina. Mai kunya ba ya iya kallon fuska, sai hannaye, kuma hannun Lyle nake kallo. Tun da na ambaci hoto ya kai hannun aljihun ƙirji, ya zaro walat rabi, yanzu kuma yana mayar da ita a hankali kamar wanda aka kama da sata.

"Lyle," na ce, "akwai abin da ka so ajiyewa. In ka yarda, ajiye shi."

Ya dube ni. Sannan ya zaro wani hoto da gefunansa suka tauye, ya tura shi kusa da farantin kek. Wata tsohuwa ce a kujerar gaban mota, bargon nan a cinyarta, tana ɗaga wa wani ƙaton jirgin ruwa hannu ta gilashi.

Corinne ta tsaya da maɓalli ɗaya a hannu. Ta tambaye shi yaushe aka ɗauka, ya ce kafin tafki ya daskare. Da ƙyar, kamar ana zaro ƙusa daga katako, sauran ya fito. Duk Lahadi yana ɗaukar Verna zuwa bakin gada ta ga wucewar jirage, idan sanyi ya tsayar da su kuma su zauna su kalli ƙanƙara. Ba ta yarda ta shiga wata mota sai tata. Ya gwada da tasa, ta yi ihu ta ce za a sace ta. Sunansa ma ta manta, wani lokaci tana kiransa da na ƙaninta da ya rasu, amma motar ba ta manta ta ba.

"Na ɗauka ka daina tun da na tafi," in ji Corinne. "Ba ta taɓa faɗa mini ba."

"Ina za ta tuna? Kafin Asabar ta zagayo ai ya goge."

"To kai me ya hana ka faɗa, gunkin mutum? Ka bar ni ina ta zaginka a raina."

Ya juya kofinsa a kan tebur. "Yanzu in na je gidan tsofaffin, cewa nake mijin 'yarta ne, su buɗe mini. In takardar sakin nan ta fito, me zan ce musu? Ni wane ne a wurin Mama?"

Na ga Marlys ta buɗe baki, na san tana da amsa ta doka, har da sashe da lamba. Ban san inda na samu ƙarfin hali ba, na ɗan girgiza mata kai. Ta rufe bakin. Shirun ya yi tsawo, irin wanda a kotu yake kashe ni, amma a nan na ga zan iya zama cikinsa har yamma.

Corinne ta zauna da rigar sanyin a jikinta. Ta jawo hoton, ta ce ita ta saƙa bargon nan tana makarantar sakandare, kuma har yau muninsa bai ragu ba. Sannan ta yanki kek.

Ba a gama komai ranar ba. Sun sake zama, sun yi musu a kan gida fiye da yadda Lyle ya zata zai yi, akwai ranar da ya fita ya zagaya unguwa kafin ya dawo. Amma mota ta zauna da sunan Verna, makulli a hannunsa, kuma Corinne da kanta ta je gidan tsofaffin ta sa aka rubuta shi cikin dangi. Da suka tambaye ta dangantakar, ta ce su rubuta ɗa, in suna da ja su tambayi mai motar.

Larabar farko ta watan da ƙanƙara ta fara narkewa, ina zaune kusa da butar kofi, aka zo kan maganar sababbin shiga. Marlys ta gama tauna abin da ke bakinta, ta goge hannu, ta miƙe.

"Linnea ta nemi hoton yara a wurin waɗanda ba su da ko ɗan kyanwa," ta ce. Ɗakin ya ɗauki dariya, irin ta mutanen da kowannensu ya san tasa ranar kunyar. Ta jira suka lafa. "Kuma ta sa ni na yi shiru, abin da alƙalan garin nan suka kasa. Zan sake zama da ita."

Ta koma kujerarta, ta turo mini kofinta in cika, ta ce sabon shiga ke kawo kek a taro na gaba, kuma kada in kuskura in sayo na kanti, za ta gane.