Kujerar Bakin Ƙofa

Ni aikina gurnani ne. A wasan kartun ɗin nan na kamun dodanni da ya hana yara karatu, duk dodon da ka ji yana ihu an cusa shi a kwalba, maƙogwarona ne. Okabe-san kuwa, wato Malama Okabe, ita ce muryar Chiruru, yarinyar cikin wasan mai koren gashi, wadda ke yawo da kyamara tana nuna wa 'yan kallo farautarta kai tsaye. Tun fitowar wasan ita ke yi, kuma ba ta da wani aikin kirki bayansa.

Kwatsam sai kamfani ya ce muryarta ta fara tsufa. Suka kwaso mana wata Nonoka, wadda ba ta taɓa leƙa makarantar koyon murya ba, sai dai tana da 'yan kallo burjik a intanet. Wai za a gwada su biyun a sabon babi, darakta Shimoda ya zaɓi ɗaya. Ni dai tun da na ga ta shigo ɗakin ɗaukar sauti tana taunar cingam na ji na tsane ta.

Ba gaisuwa ba komai, ta wuce ta ɗare kujerar tsakiya. Kowa kuwa ya san kujerar Okabe-san ce.

"Ke, tashi," in ji Okabe-san. "Sabon shiga bakin ƙofa yake zama. Mai shiga ki buɗe masa, mai fita ki buɗe masa. In an aiko da abu, ke za ki karɓa, ki kai wa mai shi da hannu biyu."

"To, Goggo," in ji Nonoka tana murmushi. "Ai da muryarki na yi wayo. Kakata ma tana son ki."

Daga ranar aka sa zare. Nonoka na buɗe baki Okabe-san za ta ɗaga hannu a tsaya: yau rigar yarinyar na ƙara a makirufo, gobe 'yan kunnenta, jibi ta shiga gaban makirufon da ba nata ba. Duk gaskiya ne, kuma ni ma ina taya ta da tsaki. Ita kuma yarinyar in ta koma gida sai ta kunna kyamara ta yi ta kwaikwayon wata tsohuwa mai tsotsar alewar maƙogwaro. Ba ta kama suna ba, amma har mai shara ya gane.

Ranar gwaji Shimoda bai kawo rubutu ba. Ya kunna allo, saƙonnin 'yan kallo na gudu a kai, ya ce kowacce ta amsa musu a matsayin Chiruru. Okabe-san, wadda ke iya ɗora kalma daidai motsin leɓen zane ko numfashi bai kuskure ba, ta tsaya tana laluben takardar da babu. Ta faɗi maganganu masu daɗi, amma kafin ta gama saƙon ya wuce. Nonoka kuwa kamar an buɗe famfo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne muryar: ta Okabe-san ce sak, ta lokacin ƙuruciyarta. Na so ƙwarai in ce banza ce, sai dai kunnena bai yarda ba.

Shimoda ya sunkuya ya yi godiya, bai ce uffan a kan zaɓi ba.

Ranar Juma'a da rana, Okabe-san na sauke layinta na ƙarshe a babin, aka ƙwanƙwasa. Nonoka ta miƙe ta buɗe. Wani ma'aikacin kamfanin ne rungume da ƙaton ƙunshin furanni. A sana'armu ba a kawo wa mutum fure sai ranar da aikinsa ya ƙare. Matsoracin ya danƙa wa wadda ke bakin ƙofa, ya juya da sauri. Shimoda kuma yana bayan gilashi ya duƙufa kan maɓallan na'urarsa.

Nonoka ta ratso ɗakin a hankali, ta sunkuya irin sunkuyon da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

"Da hannu biyu, yadda kika koya mini, Okabe-san. Sannu da aiki."

Okabe-san ta karɓa.

"Ledar furannin na ƙara," ta ce. "Makirufo a kunne yake."

Ta rataya jakarta ta nufi ƙofa. Ƙofar mai nauyi ce, hannayenta duka biyu na riƙe da furanni, sai ta tsaya tana jira kamar kullum. Ba wanda ya taso. Na waiwaya, Nonoka ta riga ta zauna a kujerar tsakiya tana ɓare sabon cingam.

Ni na tashi na buɗe mata.