Jirgin Da Ba Ya Sauka

Barci ya kwashe Alhaji Sallau da hantsi, jim kaɗan bayan sabon jirginsa ya tashi daga Kano. Jirgi ne na kece raini, mai tafiyar awa goma sha huɗu bai sauka shan mai ba. Har gado gare shi, kuma ko ƙarar inji ba ka ji. Da safe an yi masa waya cewa jikin Yaya Kande, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ya tsananta, tana ta kiran sunansa. Gogan naka ya ce sai ya dawo. Ya kuma ja kunnen ma'aikatan jirgin kada wanda ya tashe shi, kome ya faru.

Cikin barcin nan sai ya gan shi a ƙofar wani birni, ga Baba Barau, direban motar kasuwar garinsu da ya daɗe da rasuwa, yana jiransa.

"Biyo ni, Sallau."

Suka ratsa 'yan kwangila suna rarrafe a kan hanyoyin da suka ƙi ginawa, gwiwoyi duk jini. Suka wuce shugabanni kwance a barandar asibitin da babu likita, kowa na kiran wanda ba zai zo ba. Can sama kuma fararen jirage ne birjik, suna ta kewayawa.

"Baba, ai waɗancan sun huta."

"Leƙa ka gani."

Nan take ya tsinci kansa cikin ɗaya. Ga kujerun fata, ga sanyi, ga abinci. Mai jirgin kuwa yana dukan taga har hannunsa ya fashe. A ƙasa mutanensa sun ɗaga kai, bakunansu na motsi, amma shiru kake ji.

"Me ya yi, Baba?"

"Ya nemi inda ba zai ji kukan kowa ba, aka ba shi. In ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba."

"Yaushe zai sauka?"

"Man jirginsa ba ya ƙarewa."

Sallau ya matsa jikin tagar. Sai ga Yaya Kande a kan tabarmarta, ta miƙo hannu, leɓɓanta na faɗin sunan da ita kaɗai ke kiransa da shi. Ya kwarma ihu, ihun bai fita daga jirgin ba.

Ya farka sharkaf da gumi. "Asabe! Ki ce wa matuƙi ya juya, gida za mu!"

Asabe, ma'aikaciyar jirgin, ta durƙusa da waya a hannu, idonta jawur.

"Ranka ya daɗe, sau bakwai aka kira. An ce Yaya Kande muryarka take so ta ji. Kai ka ce kada a tashe ka."

"Yanzu fa?"

"An kai ta makwancinta bayan La'asar."

Ya sulale kan darduma yana salati, yana kuka kamar ranar da ya yi maraici. Da ƙyar ya iya magana.

"A juya duk da haka. Daga yau, ko wa ya kira, a tashe ni."

Jirgin ya karkata ya nufi gida, a hankali ƙwarai, ko shayin da ke kan tebur bai zube ba.