Zumar Baba a Tulun Gwaji

Yusha'u mutum ne mai son a ce ya iya, kuma halin nan shi ya ja masa. Yana digiri na biyu a kimiyyar abinci a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, can ƙasar waje, yana binciken yadda yis ke cinye zaƙin zuma da ruwan abarba har su zama giya. Shi dai ba ya sha, aunawa yake ya rubuta.

Sati uku ya ɓata wajen zaɓen yis. Na burodi ya cika gaggawa, sai ya tsaya a kan na inabi mai aiki a hankali. Zuma ce ta gagara: ta kanti rabinta sukari, ta kelulut, ƙananan ƙudan zuman can marasa harbi, kuma tsami gare ta. Ana haka wani ɗan garinsu ya sauka daga Ningi da gora guda, saƙon Baba, daga amyar da tsohon ke ɗaurawa a kan ɗorawa. Baƙa ce wuluk, mai kauri, tana ƙamshin hayaƙi.

"Ka lasa kuwa?" in ji Baba a waya.

"Na sha, Baba, ta yi daɗi."

Ƙarya ya shara. Ko yatsa bai tsoma ba, wai kada awo ya ragu. Ya juye ta kaf a tulun gilashi, ya zuba yis, yana cewa ai baɗi ma za a aiko wata.

Ranar da ta kwana tara tana kumfa, ƙanensa Hadi ya kira. Baba ya rasu, har an kai shi.

Da-na-sani ƙeya ce. Washegari ya tsaya gaban tulun, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ga zumar ƙarshe da tsohon ya tace da hannunsa, shi kuma ya mai da ita abin da ba zai iya kai wa baki ba.

Kak Najiba, 'yar ƙasar mai kula da ɗakin gwajin, ta ji labarin. Ta ce, tana cakuɗawa da yarensu, "Cire murfin lah, ka ɗaure bakin da ƙyalle. Iska za ta mai da shi khal, ruwan tsamin nan na girki. Khal boleh, halal ne."

Ya san binciken zai lalace, amma ya cire. Sati shida yana jira. Ran da Kak Najiba ta auna ta ce giyar ta fita, ya ɗebi cokali guda, ya yi bisimilla. Ya daɗe yana juya shi a baki, yana neman zaƙi ko yaya yake. Babu. Tsami ya kama masa haƙora, idonsa ya kawo ruwa, ya sake miƙa cokalin cikin tulun.